Haƙƙin Dabbobin Gida a Lokacin Hunturu da Salla

Ya 'yan'uwana ɗalibai da malamanmu, ina neman ku ba ni aron kunnuwanku a kan wata magana wadda mutane su ke rainawa, watau kula da dabbobin gida idan ɗari ya sauka.

A ƙasarmu ta Gobir, daga Tsamaye zuwa Sabon Birni da Isa, hunturu ya kan yi tsanani daga Disamba zuwa Fabrairu. Iska ta kan taso daga Hamada da ƙura, sanyin asuba ya ratsa ƙashi. Mutum ya shige ɗaki ya ja bargo, amma jakin da ya yini ɗauke da kayansa yana tsakar gida a turke, yana makyarkyata. Wannan ba adalci ba ne.

Wani zai ce, mutane ba su gama samun mayafi ba, wa ya ke ta jaki? Amsa ita ce, ba kuɗi a ke bukata ba. Zana biyu a kafa ta wajen da iska ta ke bugowa, a shimfiɗa busasshiyar ciyawa, a ba da ruwa bayan hantsi ya yi. Amma kada a hura wuta a garke. Na ga maƙwabcinmu ya yi haka don tausayin ragonsa, iska ta kwashi tartsatsi, kafin a kawo agaji rumbu biyu sun ƙone, ragon kuwa bai tsira ba.

A wannan lokaci ne kuma annobar kaji ta kan share akurki. Ma'aikatar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, wadda ta zauna can tun 1924, tana yin maganin rigakafinta. Sai a nema tun kafin sanyi ya kama.

Sa'an nan ga Salla. Shekarar wata ta gaza ta rana da wajen kwana 11, saboda haka Salla tana zagayawa. Babbar Salla ta 2006 ta faɗo a ƙarshen Disamba, Ƙaramar Salla ta 2030 kuwa za ta zo farkon Fabrairu, in Allah ya kai mu. Ran hawa a kan yi sukuwa da doki har ya jiƙe da gumi, a sauke sirdi a bar shi cikin iska, gobe a ce ya kama tari. Kamata ya yi a goge shi, a rufa masa tsumma. Ragon layya kuma, kada a ɗura masa hatsi da yawa farat ɗaya don ya yi ƙiba, gama cikinsa zai kumbura. Harawa da dusa da 'yar kanwa sun isa. A kuma tsince ledojin da a ke zubarwa bayan biki, don akuya tana haɗiye su, su toshe mata tumbi.

A makarantar allo mun ji hadisin macen da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ci ba sha. To, mu da za mu fita koyarwa, wajibinmu ne mu shuka wannan a zukatan yara, gama yaron da ya saba tausayin dabba ba zai ƙi tausayin ɗan Adam ba.

Allah ya sa mu gane, amin.