Zanen Aro Ba Ya Rufe Katara

Hausawa na cewa zanen aro ba ya rufe katara. Zanen ɗaurawa suke nufi, amma ni a ganina maganar ta hau daidai kan ɗaya zanen, wato wanda mu marubuta muke ɗorawa a bangon littattafanmu. Ra'ayina a kan wannan batu shi ne, duk hoton da mutum ya tsinta a cikin kwamfuta ɗanyen kaya ne, sai an yanka shi an ɗinka shi daidai da labarin kafin ya cancanci hawa bango. Wanda ya ɗauko shi yadda ya gan shi ya manna, ya zalunci littafinsa, ya kuma yaudari mai saye.

Mai karatu, in kana da tsofaffin littattafan hikaya na shekarun 2000 a akwati, ɗebo goma ka jera su a kan tabarma. A ciki za ka tarar da labarin kishi a wani gida a Fagge, ko na yarinyar da aka cire daga makaranta aka yi wa auren dole, ko na marainiya a hannun matar uba. A bango kuwa me za ka gani? Baturiya mai farin gashi riƙe da laima, ko zuciya da kibiya ta soke ta, ko jan fure da raɓa a kansa, ko tattabaru biyu ɗauke da zobe. Sau da yawa furen da ke kan littafin wance shi ne a kan na wane, shi ne kuma a katin ɗaurin auren maƙwabcinka da kalandar saukar karatun Islamiyyar unguwa. Marubuciya ta shafe wata shida tana hana idonta barci, amma fuskar littafinta an gama ta cikin minti biyar.

Irin waɗannan shiryayyun zane-zane su ne Turawa ke kira kilif-at. Sunan ya samo asali ne tun kafin zuwan kwamfuta, lokacin da ake buga littattafai cike da ƙananan hotuna, ma'aikacin maɗaba'a ya sa almakashi ya yanko wanda yake so, ya shafa gam ya liƙa a shafi. A 1985 kamfanin Aldus na Amurka ya fito da PageMaker, manhajar da ta ba mutum damar tsara shafin littafi a kan teburinsa. A 1989 CorelDRAW ta fito daga Kanada, a 1991 kuma Microsoft ya kawo Publisher don amfanin gida da ƙananan ofisoshi. Sai almakashi da gam suka koma cikin linzamin kwamfuta, aka riƙa haɗo wa mai saye dubban zane-zane a faifan CD. Waɗanda suka zana su ba su yi mana laifin komai ba, don kasuwarsu suka yi wa aiki. Shi ya sa za ka sami mai kwat da jakar ofis, da dusar ƙanƙara, da bishiyar Kirsimeti, amma ka wuni kana nema ba ka ga mai babbar riga ko mace da goyo ba.

Ba zan rage wa kwamfuta ladanta ba. A da, wanda kamfanin NNPC na Zariya bai karɓi rubutunsa ba, sai dai ya ajiye shi a ƙarƙashin katifa. Da marubuta suka fara buga wa kansu a shekarun 1980, daga baya kuma shagunan kwamfuta suka cika Kano da Kaduna da Zariya, sai ya zama matar aure da ke cikin gida tana iya aika rubutunta da ƙanenta, a buga mata, a kai kasuwar Sabon Gari. Wannan ba ƙaramin 'yanci ba ne. Sai dai a wajen wannan sauyi mun yi asarar mutum ɗaya, wato mai zane. Littattafan farko na wannan zamani da yawa da hannu aka zana bangonsu. Wani zanen hannun ya fi ƙafa tsawo, wani fuskar ta karkace, amma ɗaurin ɗankwalin namu ne, zauren namu ne, kuma mai zanen ya san abin da labarin ya ƙunsa. Da mai kwamfuta ya gaje kujerarsa, sai aka daina tambayar me ke cikin littafin, aka koma tambayar me ke cikin faifan.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, su waɗannan zane-zane an yi su ne yadda za a iya gyara su. Hoto a kwamfuta iri biyu ne. Akwai na ɗigo-ɗigo, kamar wanda kyamara ko sikana ke fitarwa, wanda in ka ja shi ya yi girma sai ya dusashe ya fashe. Akwai kuma na layi, wanda kwamfuta ke riƙe da shi a matsayin lissafin layuka da siffofi, ko ka mai da shi girman allon talla ba zai canza ba. Yawancin kilif-at ɗin da ke zuwa da CorelDRAW da Publisher irin na biyun ne, kuma kowane ɗaya tarin gutsattsari ne da aka ɗaure wuri guda, kamar riga kafin tela ya haɗa hannu da wuya da jiki.

Bari in ba da misali. A ce labarinka na wata ɗaliba ce, ka kuma sami zanen wata Baturiya zaune tana karatu. A CorelDRAW, zaɓi zanen ka danna Ctrl da U, nan take ɗaurin zai kwance, gashi ya ware daban, fuska daban, siket daban, kujera daban. Taɓa fuskar da hannuwan ka zuba musu launin fatar da ka siffanta a labarin, baƙa ce ko wankan tarwaɗa. Goge gashin, ko kuma ka danna F10 ka kama ƙulle-ƙullen da ke gefen siffarsa ka ja su har ya koma ɗankwali ko mayafi. Ja siket ɗin ya sauka zuwa idon sawu ya zama zani, ka zuba masa 'yan siffofi irin na atamfa. Cire murhun ɗumama ɗaki da ke bayanta, ka sa taga ko randa. In ka gama, zaɓi duka ka danna Ctrl da G su koma abu guda. A Word da Publisher ma ana yin haka da tsofaffin zane-zanen, manhajar takan tambaye ka ko ta mayar da hoton abin da za a iya gyarawa, ka ce mata e. Aikin awa ɗaya ne ko biyu ga wanda hannunsa ya faɗa. To don Allah, littafin da ya ci wata shida bai cancanci awa biyu ba?

Akwai kuma kurakuran da ko ba a taɓa jikin zanen ba suna ɓata bango. Na farko shi ne jan hoto ta gefe maimakon ta kusurwa, har kyakkyawar yarinya ta koma kamar an daka ta a turmi. Na biyu, ɗora hoton ɗigo-ɗigo da aka kwafo daga intanet. Maɗaba'a tana son ɗigo 300 a kowane inci, don haka bango mai faɗin inci 5 da tsawon inci 8 yana buƙatar hoto mai ɗigo 1,500 a kwance da 2,400 a tsaye. Wanda bai kai haka ba zai yi kyau a fuskar kwamfuta, ya fito a takarda kamar an hango shi cikin hazo. Na uku shi ne launi. Fuskar kwamfuta da hasken ja da kore da shuɗi take haɗa launukanta, injin bugu kuwa da tawada huɗu yake aiki, shi ya sa shuɗin da ya burge ka a shago yakan fito a dafe. Sai a mayar da aikin tsarin CMYK tun kafin a kai shi bugu, a ga gaskiyar abin da za a samu. Na huɗu shi ne haɗama: fure, da zuciya, da mota, da jirgin sama, da agogo, duk a bango ɗaya, da salon haruffa kala biyar. Abu ɗaya mai ma'ana ya fi tarkace goma.

Na biyar ya shafe mu mu kaɗai, wato haruffa masu lanƙwasa. Tun a shekarun 1990 Farfesa Abdalla Uba Adamu ya ƙirƙiro wa Hausa haruffan kwamfuta masu ɓ da ɗ da ƙ, yau kuma kusan kowace waya tana iya rubuta su. Duk da haka ana kai aiki maɗaba'a, a buɗe shi a kwamfutar da ba ta da irin haruffan, sai ƙaya ta koma kaya, baƙi ya koma baki, ko kuma wani ɗan akwati ya tsaya a gurbin harafin. Maganin wannan danna maɓalli biyu ne kawai. In an gama duba rubutun bango, a zaɓe shi a danna Ctrl da Q, haruffan su koma zane, babu kwamfutar da za ta sake taɓa su.

Na san abin da za a ce mini. Ɗan kasuwa zai ce farar fuska ita ke sayar da littafi, shi ya sa ma aka riƙa sa hotunan 'yan fim ɗin Indiya. Ni kuwa ina ganin mai karatun littattafan Hausa sunan marubuci take bi, da abin da ƙawarta ta ba ta labari, in littafi ya yi daɗi ko bangonsa ya yage sai ya zaga unguwa. Abin da baƙuwar fuskar ta jawo mana shi ne ta ba masu suka makami. Mutumin da bai taɓa buɗe littafin ba, da ya ga bangon sai ya yanke hukuncin cewa kwaikwayon Indiya ne da lalata tarbiyya, alhali a ciki marubuciyar faɗa take yi da zaluncin da ake yi wa mata a gidajenmu. Wani kuma zai ce shi yana ƙyamar zana abu mai rai saboda addini. Wannan uzuri ne da nake girmamawa, kuma bai hana komai ba. Ga dagin Arewa, ga zankon soro, ga aska takwas ta babbar riga, ga faifai da ƙwarya da zanen lalle, ga irin zayyanar da alarammomi ke yi a allo da gefen Alƙur'ani rubutun hannu. Akwatunan lefe a jere, ko takalmi ƙafa ɗaya a bakin ƙofa, suna iya ba da labarin aure fiye da kowace fuska.

Kada wani ya ɗauka wannan tsohon zance ne. Gaskiya ne Microsoft ya rufe rumbun kilif-at ɗinsa a ƙarshen 2014, ya kuma sa watan Oktoba na 2026 a matsayin ƙarshen Publisher, PageMaker kuwa tun fitowar ta 7 a 2001 ba a sake sabuwa ba. Yau littattafanmu da yawa a waya ake rubuta su, a waya ake karanta su, a waya kuma ake haɗa bangonsu da irin su Canva da PixelLab. Kayan aikin sun canza, halin yana nan, har ma ya ƙara muni. Da Baturiyar da ba ta taɓa rayuwa ba ake arowa, yanzu sai a shiga Instagram a ɗauko hoton 'yar mutane a ranar bikinta, a ɗora shi a kan labarin karuwanci ko cin amana, ba da saninta ba balle izininta. Wannan ya wuce lalaci, ya zama cin mutunci, yana iya kashe aure, kuma hoton yana da mai shi a gaban Allah da gaban dokar haƙƙin mallaka da Najeriya ta sabunta a 2022. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira da ke zana hoto da umarni su ma ba su fitar da mu ba. Ka ce su zana maka Bahaushe, sai su ba ka wani mai rawanin da ba na Kano ba, ba na Agadas ba, a gaban ginin da babu irinsa a ƙasar Hausa. Shi ma ɗanyen kaya ne, yana buƙatar idon wanda ya san gida.

A 1958 wasu ɗaliban zane a kwalejin Zariya wadda daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, cikinsu har da Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiya a kan manufa ɗaya: a koyi dabarar Bature, a zuba mata abin gida. Abin da nake kira gare shi ke nan, a ƙaramin mataki irin namu. Me zai hana ƙungiyoyin marubuta su yi karo-karo su ɗauki ɗaliban zane biyu ko uku, su zana mana mai tallar fura, da ɗan acaba, da amarya a lulluɓe, da tsoho a kan buzu, da ƙofar gari, da rijiyoyin rini na Ƙofar Mata? A sa su a sikana, a mayar da su zanen layi da Inkscape, wadda kyauta ce, a zuba a inda kowa zai ɗauka. Rumbun Openclipart tun 2004 yake karɓar irin wannan sadaka daga ko'ina a duniya. In ba mu zuba namu ba, wa muke jira ya zuba mana?

Kafin a kai ga haka, ina roƙon 'yan'uwana marubuta abu uku. Kada ki aika a yi miki bango, ki zauna kusa da mai kwamfuta ki ba shi labarin a taƙaice, ko ki tura masa a murya. Kada ka amince da hoton da ba ka san mai shi ba. Wanda kuma ya zana ko ya gyara maka bango, a biya shi haƙƙinsa, a rubuta sunansa a shafin ciki kamar yadda ake rubuta na maɗaba'a, don yaron da ya ga ana daraja aikin zane shi ne zai koye shi gobe.

Allah Ya sa mu gyara, Ya kuma yi wa alƙalumanmu albarka, amin. Wassalam.