Kada ɗiyan Gaya su zama inuwar giginya

Duk wanda ya ratsa Gaya da la'asar sakaliya ya ga yara da samari suna bin ƙwallo cikin ƙura, wasu da takalmi, wasu ƙafa tsirara. In aka tambaye su wa suke son su gada, da yawa za su ambaci Musa Ma'azu. Ba su yi kuskure ba. Amma ya kamata iyaye da hukumomi su dubi tarihin wannan ɗan wasa da idon basira, domin akwai darasi a cikinsa wanda ya wuce sowa da tafi.

An haifi Musa Ma'azu a Yamai a shekara ta 1988. A gida ya koyi sana'arsa ta ɗan wasan gaba, cikin ƙungiyar sojojin ƙasa, wato ASFAN, kuma a gasar ƙasa aka fara ganin gudunsa da yawan cinsa. A 2008 ƙungiyar Lokeren ta ƙasar Beljik ta ɗauke shi. A 2009 ƙungiyar CSKA ta birnin Mosko ta saye shi da miliyoyin kuɗin Turai, yana ɗan shekara 20. Zaman Rasha bai karɓe shi ba. Aka ba da aronsa ga Monako a 2010, inda ya haskaka, sa'an nan ga Bordo, inda abin bai yi armashi ba, daga baya kuma ciwon gwiwa ya kwantar da shi. Bayan haka ya taka ƙwallo a Tunisiya, da Fotigal, da Sin, da Danmark, ya sake komawa Faransa, ya je har Saudiya.

A cikin rigar Mena kuwa, ba za a manta da shi ba. A watan Oktoba na 2010, a filin wasa na Janar Seyni Kunce, shi ya jefa ƙwallo ɗaya tilo da ta kayar da Masar, wadda a lokacin take riƙe da kofin Afirka sau uku a jere. A ƙarƙashin mai horo Haruna Dula, Mena ta cinye wasanninta uku na gida, ta samu zuwa gasar kofin Afirka ta 2012 a Gabon da Gini Ikwatoriya, karo na farko a tarihinmu. Ta sake zuwa a 2013. Amma gasanni shida da suka biyo baya, daga 2015 zuwa 2025, duk sun wuce ba da mu ba.

Akwai wani abu da ya faru a ranar ƙarshe ta neman gurbin 2012 wanda ya dace ɗaliban yaƙi da jahilci su riƙe. Nijar da Afirka ta Kudu da Saliyo kowace ta gama da maki 9. Ƴan Afirka ta Kudu suka yi kunnen doki da Saliyo, suka shiga rawa a fili, suna zaton yawan ƙwallaye ne zai raba gardama. Ashe dokar gasar ta ce sakamakon karawa tsakanin masu maki ɗaya za a duba, kuma a nan Nijar ce kan gaba. Babbar ƙasa mai dukiya ta rasa gurbinta don ba ta karanta doka da kyau ba. To, ina ga yaron Gaya da ubansa bai iya karanta takardar da aka miƙo masa ba?

Mu leƙa wata ƙasa mu ga takwaran Ma'azu. Jodan ƙasa ce ta Larabawa wadda hamada ta cinye mafi yawanta, mutanenta kuma ba su kai rabin na Nijar ba. Ɗan wasan gabanta Musa al-Ta'amari, haifaffen birnin Amman a 1997, ya girma ne cikin ƙungiyar gida, Shabab al-Urdun. Bai fita ba sai a 2018, zuwa APOEL ta tsibirin Kubrus. A 2020 ya koma Luben ta Beljik, a 2023 Mompeliye ta Faransa, a 2025 kuma Ren. Tsani ne ya hau taki-taki. A watan Fabrairu na 2024 ya ci Koriya ta Kudu a wasan kusa da ƙarshe na kofin Asiya, Jodan ta kai wasan ƙarshe, Katar ta doke ta da ci 3 da 1. A watan Yuni na 2025 Jodan ta samu gurbin kofin duniya na 2026, karo na farko. Abokan wasansa da yawa su ma gasar gida ce ta rene su.

Waɗannan Musa biyu sun haɗu a kan abu ɗaya: kowannensu ƙungiyar gida mai rajista ce ta kafa shi kafin duniya ta san shi. Wannan mataki na farko shi ne abin da ya kamata mu gina a Gaya.

Gaya gari ne na iyaka. Malanbil tana ƙetaren kogi, Kamba tana gabas, Yamai kuwa kusan kilomita 300 ce. Tafiya ba baƙon abu ba ce ga mutumin Dandi, kuma ba aibu ba ce. Abin tsoro shi ne dillalin da zai zo wa uba da daɗin baki, ya ce a sayar da gonar rake ko shanun huɗa, zai kai yaro Turai ta Kwatano ko Legas. Kowa ya sani cewa dokar hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya, FIFA, ta hana a ɗauke yaron da bai cika shekara 18 ba zuwa ƙungiyar wata ƙasa, in ban da wasu ƴan dalilai ƙayyadaddu. Wanda ya yi alkawarin kai ɗan shekara 15 Turai gobe, a tuhume shi.

Wata doka kuma ta ce idan aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, ana ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin, wato dala ɗaya cikin kowace dala ashirin, a raba wa ƙungiyoyin da suka horar da shi daga shekara 12 zuwa 23. Amma sai ƙungiyar da take da rajista, da yaron da yake da katin ɗan wasa. Inda babu takarda, babu rabo. Mutanen Gaya sun fi kowa sanin giginya, sun kuma san karin maganar da ke cewa inuwar giginya, na nesa ka sha. Haka abin yake idan mun reni yaro, wasu can nesa suka ci amfaninsa.

Wani zai ce ƙasar da ke fama da neman abinci da tsaro ina ruwanta da tamaula. Maganarsa tana da nauyi. Sai dai abin da muke nema ba babban gini ba ne. Na ɗaya, magajin gari ya keɓe fili, a rubuta shi da sunan matasa, kada a yanka shi fuloti-fuloti. Na biyu, iyaye su karɓar wa kowane yaro takardar haihuwa ta gaskiya, kada a rage masa shekaru, domin ƙarya fure take ba ta ƴaƴa. Na uku, ƙungiyoyin unguwanni su yi rajista da hukumar FENIFOOT ta hannun reshenta na jihar Doso. Na huɗu, malaman makaranta su shirya gasa tsakanin makarantu kowace shekara, da sharaɗin wanda ya bar aji ya bar fili. Ciwon gwiwa ɗaya ya isa ya rufe sana'ar ɗan ƙwallo, karatu kuwa yana tare da shi har tsufa.

Ku kuma da kuka fito daga azuzuwan yaƙi da jahilci, ga aikinku ya samu. Duk takardar da baƙo ya kawo game da ɗanku ko ɗan maƙwabcinku, ku karanta ta, in da Faransanci take ku kai wa wanda kuka amince da shi ya fassara, kafin kowa ya dangwala yatsa.

Allah ya yi wa zuri'armu albarka, ya ba Mena wasu Ma'azu daga bakin kogin Gaya.