An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Murhun Ƙauye da Lissafin Kabon

Akwai wani jawabi da ake maimaitawa duk shekara idan damina ta kama aka fito bikin dashen bishiyoyi. Wani babba zai sauko daga jerin gwanon motoci, a miƙa masa shebur da ɗan tsiron darbejiya, sannan ya juyo ya yi wa mutanen karkara nasiha: ku daina sare itatuwa, hamada na gurgusowa, kowa ya ɗauki alhakin hayaƙin da yake fitarwa. Wani lokaci a rufe taron da raba wa mata kaɗan ƙaramar tukunyar gas, irin mai kilo uku da ake ɗaura wa kan girki a bisanta. A Turai wannan tukunya ta masu yawon shaƙatawa ce a daji, har akan samu masu tsantseni a cikinsu suna muhawara kan ko dafa shayi da ita ya fi hura wutar ƙirare illa ga duniya. A nan kuwa an mai da ita ma'aunin wayewa, wadda ba ta da ita kuma an lissafa ta cikin masu ɓata muhalli. Wannan lissafi ƙarya ne, kuma mu da muka yi boko mu ne muka fi kowa yaɗa shi.

Mu fara da asalin maganar. Tunanin cewa kowane mutum yana da nasa "sawun kabon", wato adadin iskar kabon da rayuwarsa ke saki a sararin samaniya, ya samo tushe daga binciken masana, amma wanda ya kai shi kunnen duniya kamfanin mai ne. A 2004 kamfanin BP ya fito da wata manhaja a intanet da mutum zai auna nasa sawun, aka bi ta da tallace-tallace masu tsada. Dabarar ba ɓoyayyiya ba ce: idan kowa ya duƙufa yana auna laifin kansa, sai a manta da mai haƙo man. To, mu karɓi ma'aunin nasu mu auna. Ɗan Najeriya, a matsakaicin lissafi, yana fitar da abin da bai kai tan ɗaya na iskar kabon ba a shekara daga mai da gas da kwal. Ba'amurke yana fitar da wajen tan 14. Afirka gaba ɗayanta ba ta kai kashi 4 cikin 100 na abin da duniya ke fitarwa ba. Kuma wannan ɗan abin da aka rubuta wa ɗan Najeriya matsakaici ne, an haɗa mai janareto uku a Nasarawa GRA da matar da ke tuƙa tuwo a wani ƙauye na Makoɗa an raba musu daidai.

Za a ce ai maganar itace ake yi, kuma itace ba ya cikin wancan lissafi. Madalla. Sai mu tafi gonar.

Wanda ya bi hanyar Kano zuwa Ɗambatta, ko ya ratsa ta Minjibir da Gezawa, ko ya nufi Bichi ta Dawakin Tofa, zai ga ƙasar da babu taƙi ɗaya da ba a nomawa, gida na kallon gida, amma ko'ina bishiya ce tsaye a tsakiyar gona: ɗorawa, kuka, tsamiya, kanya, gawo, darbejiya. Masana yanayin ƙasa sun daɗe da sanya wannan yanki cikin wuraren noma mafiya cunkoson jama'a a Afirka ta Yamma. Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello da ta Bayero, ya fara nazarinsa tun shekarun 1960. A 1990 shi da abokan aikinsa suka fitar da littafi kan itacen girki a Kano, a daidai lokacin da hukumomin duniya ke hasashen cewa buƙatar birni za ta share bishiyoyin kewaye, zobe bayan zobe, har a wayi gari ba ko inuwa. Suka duba hotunan da aka ɗauka daga jirgin sama, suka ƙidaya bishiyoyi a gonaki, suka tarar yawansu bai ragu ba duk da farin shekarun 1970, a wasu wuraren ma ƙaruwa ya yi.

Duk ɗan ƙauye ya san dalili ba sai an faɗa masa ba. Bishiyar gona tana da mai ita. Ana gadonta, ana jinginar da ita, ana shari'a a kanta. Ɗorawa kalwa ce da daddawa, kuka miya ce, gawo yana kaɗe ganyensa da damina ya bar gero ya sha rana, ya kuma ciyar da dabbobi da rani. Manomi yana datse reshe ya bar uwar ta sake tohowa. Abin da ke shiga murhu a yawancin kwanakin rani kuwa kara ne, da totuwar masara, da ƙirare, wani lokaci da busasshen kashin shanu. Tokar ta koma bola, bola ta koma gona a matsayin taki. A da jakai ne ke shigo da itace birni, su koma da mangalar taki, kaya biyu a tafiya ɗaya.

Ga kuma abin da masu nasiha ba sa son tsayawa a kansa. Kabon ɗin da ke cikin karan dawa daga iska dawar ta zuƙo shi a daminar bana, kuma baɗi wata dawar za ta sake zuƙe shi. Reshen da aka datse haka yake, muddin bishiyar na raye. Amma kabon ɗin da ke cikin fetur da dizal da gas, ciki har da na ƙaramar tukunyar nan, ya shafe miliyoyin shekaru a ƙarƙashin ƙasa kafin a tono shi, kuma sabon ƙari ne a kan abin da ke sama. Gaskiya ne murhu yana fitar da baƙin hayaƙi mai nasa tasirin ɗumama, gaskiya ne kuma inda sara ta fi tohowa yawa asara ce ta zahiri. Sai dai tambayar ita ce, a ina hakan ke faruwa, kuma don wa?

Binciken 1990 ya kwana biyu, Kano ta yau ta ninka ta wancan lokacin. Bishiyoyi suna faɗuwa. Suna faɗuwa a gefen Ungogo da Dawakin Tofa, inda ake yanka gonaki ana mai da su awon igiya, kuma mai sayen fulotin ba manomi ba ne. Suna faɗuwa a dazuzzukan da ba su da mai su sai gwamnati, can kudancin jihar da jihohin maƙwabta, inda manyan motoci ke lodin itace da buhunan gawayi su nufo birni. Gidajen burodi ke ƙona su, da masu tsire da balangu, da gidajen biki, da kurfotin da ke bayan kicin ɗin ma'aikaci mai digiri biyu. Gawayi kuwa shi ne mafi almubazzaranci, domin a irin ramin da ake ƙona shi sai an cinye kilo biyar na itace ko fiye kafin a samu kilo ɗaya. Idan har manomin Kunchi ya sayar da ɗorawar da ya gada a tsaye, a bincika, za a tarar da takardar asibiti ko bashin taki a bayan cinikin, mai gatarin kuma birni zai kai ta.

Shi ma ɗan birnin ba sha'awa ce ta mai da shi ga gawayi ba. An cire tallafin kananzir a 2016, litarsa ta bi ta haye naira dubu, risho ya zama kayan tarihi. An cire na fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, darajar naira ta faɗi, kuɗin cika tukunyar gas mai kilo 12.5 ya ninka fiye da sau uku tsakanin 2020 da 2024. Duk wannan a ƙasar da har yau take cikin ƙasashe goma na gaba a duniya wajen ƙona gas a banza a bakin rijiyoyin mai. Tun 1979 aka yi dokar hana wannan ɓarna, aka sa 1984 a matsayin wa'adi, aka yi ta ɗagawa har aka kai shi 2030. Gwamnatin da ta kasa kashe waccan wuta cikin shekara arba'in ita ce ta je Glasgo a 2021 ta yi alkawarin daidaita fitar da kabon nan da 2060, ta dawo gida tana yi wa mai murhu wa'azi.

Akwai kuma sabon salon, wanda ya fi wayo. Ana kawo ingantaccen murhu mai cin itace kaɗan a sayar wa mata da rahusa, sai a lissafa kabon ɗin da aka ce an rage, a mai da shi takardar shaida, a sayar wa kamfani ko matafiyin jirgin sama a Turai don ya ce ya wanke nasa hayaƙin. Murhun kansa abu ne mai amfani, wadda ta samu ta rage wahala. Amma a dubi tsarin cinikin: ita ta canja yadda take girki, shi ya ci gaba da tashi sama da kwanciyar hankali. A farkon 2024 masu bincike daga Jami'ar Kalifoniya da ke Bakli suka duba irin waɗannan ayyuka a ƙasashe da dama, suka ce an kumbura adadin kabon ɗin da ake iƙirarin ragewa kusan sau tara. Ƙwararrunmu da ke rubuta wa irin waɗannan ayyuka rahoto ya kamata su riƙa tambaya nawa aka sayar da tan ɗaya, nawa kuma ya iso ƙauyen.

Kada a ɗauka ina kare murhun duwatsu uku. Hayaƙinsa yana kisa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida tana kashe mutum wajen miliyan 3 a shekara, kuma mai girki da goyon da ke bayanta su ne suka fi shaƙarsa. Ciwon huhun yara, jan ido, tarin da ba ya jin magani, awannin da yarinya ke ɓatawa wajen tsintar ƙirare: waɗannan su ne hujjar kai gas ko ingantaccen murhu ƙauye, kuma sun isa hujja. Matar Tsanyawa ta cancanci gas ko da gas ɗin zai ƙara mata sawun kabon, kamar yadda kowa a cikinmu ya kunna nasa da safen nan bai nemi izinin kowa ba.

Bambancin hujjojin biyu yana bayyana a aikace. Wanda ya ɗauke ta mai laifi zai aiko da ma'aikacin gandun daji da tara, ya kuma raba tukwane ɗari a gaban kyamara. Wanda ya ɗauke ta mai haƙƙi dole ya amsa tambayoyi masu wuya: ina za ta cika tukunyar idan ta ƙare, kilomita nawa ne zuwa wurin, nawa ne kuɗin acaɓa, za a sayar mata na ɗari biyar kamar yadda take sayen mai da magi? Game da bishiyoyi kuwa, a ƙetara iyaka a duba Maraɗi da Damagaram. Tun shekarun 1980 manoma a can suka riƙa barin kututture yana tohowa a gonakinsu suna yi masa gyara, ma'aikatan daji kuma suka sassauta riƙon da suke yi wa bishiyar gona. Masu bincike sun ƙiyasta cewa hekta wajen miliyan 5 ta sake yin bishiyoyi ta wannan hanya, kuma matan can har yau da rassan waɗannan bishiyoyi suke dafa tuwo.