Ƙorafi Kan Tsarin Rabon Tallafin Abinci

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Ƙaramar Hukuma,
Ta hannun Mai Unguwa.



Mu mazauna wannan unguwa mun kawo kukanmu gare ka. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, gwamnatin tarayya ta sha turo shinkafa da hatsi jihohi, har a Fabrairun 2024 ta ba da umarnin fitar da tan 42,000 daga rumbunanta. Abinci kam yana zuwa, amma yadda ake raba shi yana tsallake mafi bukata.

Da hantsi ake kiran rabo, ranar aiki, a wuni a layi har la'asar. Lebura da ɗan dako da ɗan ga-ruwa kuwa, abin da suka samo yau shi ake ɗorawa a wuta da dare. Direban Adaidaita Sahu sai ya kai wa mai keke balas, ko ya fita ko bai fita ba. In ya bar nema ya bi layi, aka ce kaya sun ƙare, ya tashi biyu babu. Shi ya sa da yawa suka haƙura da zuwa.

Na mata ya fi ciwo. Wadda ke takaba, wata huɗu da kwana goma, ta yaya za ta shiga turmutsitsi? Haka mai jego, haka matar kulle da mijinta ya tafi ci-rani. In ta aiki ɗanta, sai a koro shi, wai sai mai suna ta zo da kanta da lambar NIN. Marayu ne ke kwana da yunwa saboda wannan sharaɗi.

Sannan ana ƙirga mu ne da ƙofar gida. Kowa ya san zaure ɗaya kan haɗa magidanta biyar, kowa da tukunyarsa, balle gidan haya. Kaso ɗaya ake miƙa musu, rigima ta biyo baya. Masu gadi da masu shara na wucin gadi ma an share sunayensu, wai ma'aikata ne, alhali abin da suke ɗauka bai kai Naira 70,000 da aka tsayar a matsayin mafi ƙarancin albashi a Yulin 2024 ba.

Muna roƙo a riƙa ƙirga tukunya maimakon ƙofa, a mayar da rabo yamma ko ƙarshen mako, a kuma sanar da ranar tun da wuri ta bakin limamai da mai unguwa. Mai takaba da mai jego da marar lafiya a karɓi wakilinsu in mai unguwa ya shaida shi.

Ranka ya daɗe, a duba mana wannan kafin rabo na gaba. Allah Ya taya ka riƙo.

Naka,
A madadin mazauna unguwa.