Barikin soja a takarda: ina masu ɗaukar kaya?

Kwanan baya a Icirnawa wani malamin yaƙi da jahilci ya nuna mana wani zane cikin tsohon littafin Faransanci. Irin zanen nan ne da ake yi da launi mai jiƙawa da ruwa, wanda hafsoshin Turawa ke so domin ba shi da nauyi, yana kuma bushewa nan da nan. An zana barikin soja a tsakiyar hamada: fararen tantuna a jere, tuta na kaɗawa, raƙuma a gurfane, rairayi ja kamar an share shi da tsintsiya. Kowa ya ce ya yi kyau. Ni ma na ce ya yi kyau. Amma da wani dattijo ya karɓa ya duba, tambaya guda ya yi: wa ya ɗebo musu ruwa?

Wannan tambaya ba ta wasa ba ce. Mu ɗauki ayarin Furo da kumandan Lami, wanda ya taso daga Wargala ta ƙasar Aljeriya a watan Oktoba na 1898 da raƙuma wajen 1000. Kafin su bar Iferwan, a ƙasar Abzin, raƙuman sun mutu kusan duka, har sai da suka ƙone kayansu da hannunsu don rashin abin ɗauka. A Agadas, da suka rasa dabbobi, sai Lami ya sa sojoji suka tsare rijiyoyin gari, ya hana mutane sha sai an kawo masa raƙuma. Da haka suka iso Damagaram a watan Nuwamba na 1899, wata uku bayan yaƙin Tirmini. Mai zane yana iya zana tanti da tuta. Matar Agadas da ta koma gida da tulu ba ruwa kuwa, ba ta shiga takarda ba.

Ba cewa nake a yaga irin waɗannan zane-zane ba, ko a ɓoye su. Shaida ce, kuma muna bukatarta: tana nuna mana kamannin tufafi, da makamai, da yadda ake kafa sansani. Sai dai shaida ce ta ɓangare guda, alƙali kuwa ba ya yanke shari'a da bakin mutum ɗaya.

Ɗaya bakin yana nan wurinmu, cikin ƙasar Kance da Matamai. Ba a soke aikin tilas ba sai a 1946. Waɗanda suka ɗauki kaya a ka, suka yi hanya, suka ba da hatsi ba da son ransu ba, yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya, amma ƴaƴansu suna raye, sun kuma ji daga bakinsu. Andire Salifu ya rubuta tarihin Damagaram a 1971, kuma ya saurari dattawa kafin ya rubuta. Aikin da ya rage na ƙauyuka ne.

Saboda haka muna kira ga duk wanda ya sami takardar shaidar yaƙi da jahilci: ya sayi littafin rubutu, ya zauna gaban tsohon unguwarsu, ya rubuta sunan rijiya, da shekara in an tuna, da abin da aka karɓa. Magabata kuma, tun daga magajin garin Icirnawa har hukumomin jihar Damagaram, su tanadi wurin ajiye waɗannan rubuce-rubuce, a aika da kwafinsu cibiyar IRSH ta Yamai, kada gara ta riga mu.