Tsohon moto da ƙurar Adar

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Madawa ta ratsa Buza har Keita ya san ƙasar Adar ba ta raga wa abin hawa. Dutse ne a bisa tudu, rairayi a cikin ƙorama, ga kuma jar ƙura tun daga kaka har faɗuwar ruwa. Duk da haka akwai malaman makaranta, malaman gona da ƴan kasuwar albasa da ke hawan Yamaha DT 125 ko Honda CG 125 waɗanda suka girmi ƴaƴansu. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai wadda aka adana.

Tun daga watan Janairu na 1994, lokacin da aka karya darajar kuɗin sefa da rabi, ma'aikacin Nijar ya gane cewa kayan gyara na waje ba abin wasa ba ne. Darasin yana nan: abin da ke kashe inji yakan fara ne daga abu mai araha wanda aka yi wa sakaci.

Na farko shi ne soson da ke tace iska. Idan ya yage, ko aka cire shi don wai moto ya ƙara gudu, ƙura za ta bi karbireta ta shiga inji, ta ci fistan da zobbansa kamar yadda dutsen niƙa ke cin hatsi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A lokacin hunturu ya kamata a wanke soson kowane mako, a bar shi ya bushe, a shafa masa ɗan mai kafin a mayar.

Na biyu, baƙin mai. CG 125 ba ya shan fiye da lita guda, don haka jinkirta juye rowa ce mai tsada. Shi kuwa DT 125 yana ƙona mansa tare da esansi, wani ɗan famfo ne ke tura shi. Ranar da famfon ya tsaya ko tankinsa ya ƙafe, inji zai ɗaure nan take, ko da a tsakiyar dajin Buza ne. Mai hankali yakan duba tankin kowace safiya, kuma in ya ga hayaƙi ya ɗauke baki ɗaya daga salansa, sai ya tsaya.

Na uku, esansin kwalba na bakin hanya, wanda ake kira ruwa-ruwa. Wani lokaci yakan zo da ƙasa ko ruwa a gindin kwalba. A tace shi da tsumma mai tsabta, a kuma riƙa zubar da abin da ya kwanta a ƙasan karbireta.

Sauran aikin na dutse ne. Girgiza tana kwance noti, tana sassauta wayoyin ƙafa. A buga su ɗaya bayan ɗaya da sifana: wadda ta yi ƙara ras lafiyarta lau, wadda ta yi shiru tana neman ɗauri. Sarƙa kuma kada ta yi tauri, kada ta yi lilo. In za a sake ta, a sake ta tare da haƙoranta na gaba da na baya, don tsoho yana cinye sabo.

Da damina, in ƙoramar Majiya ta kawo, haƙuri ya fi. Moton da ya sha ruwa ba a tada shi sai an cire buji an fitar da ruwan, an kuma juye mai.

Buji guda, wayar kuloci, faci da famfon iska ba su cika jaka ba. Ɗan kasuwar da ya rasa su yakan isa kasuwa bayan ta watse, ma'aikaci kuma ya kashe albashin wata wajen buɗe inji.