In gashinki ya fara zubewa, tufke shi, kada ki ja shi

Ƴar'uwa, in kin samu wuri ke kaɗai, kwance kallabinki ki ɗauki madubi. Dubi gaban goshinki da saman kunnuwanki. Tuna inda gashi yake tsayawa lokacin da kike budurwa, sannan ki dubi inda ya tsaya yau. Mata da yawa sukan zo asibiti don wani ciwo dabam, amma da an ce su ɗaga kallabi a duba kunne ko wuya, sai hannu ya yi nauyi. In an ɗaga, sai a ga gefen kai ya koma baya, ga ɗan gashi gajere marar kauri an ja shi an kitse tamau har fatar tana ƙyalli. In an tambaya, amsar kusan ɗaya ce: haihuwa ce, ko gado ne, ko hannun wata makitsiya ne bai karɓe ta ba.

Haihuwa da gado suna da nasu rabo, za mu zo kansu. Amma a kawuna da yawa, abin da ya cinye gefen gashin shi ne kitson kansa. Ra'ayina ke nan: macen da gashinta gajere ne, siriri, kuma ya fara raguwa, ta ajiye ƙananan kitso da ƙarin gashi na ɗan lokaci, ta koma tufka sako-sako. Na san maganar ba za ta yi wa kowa daɗi ba, don haka bari in kawo dalili.

Kowane silin gashi yana da saiwa a cikin fata, a cikin wani ɗan rami. A kan mutum akwai irin waɗannan ramuka wajen 100,000, kuma ba a ƙara sababbi bayan an haifi mutum. Saiwa tana jure ja na ɗan lokaci. Amma in an ja ta dare da rana, mako bayan mako, sai ramin ya kumbura, gashin ya fita tun lokacinsa bai yi ba. Da farko yakan sake tsirowa, sai dai ya fi na da siranta. In aka ci gaba shekara da shekaru, ramin yakan toshe ya zama tabo. Daga nan babu man shafawa, babu ƙwaya, babu sassaƙe da zai sa gashi ya sake fita a wurin. Gefen goshi da saman kunne su suka fi saurin tafiya, domin gashin wurin ya fi siranta, kuma a nan ne makitsiya take fara kama kitso, inda ja ya fi ƙarfi.

Ba mu kaɗai ke fama da wannan ba. A Afirka ta Kudu, wata likitar fata mai suna Nonhlanhla Khumalo da abokan aikinta sun duba kawunan manya da na ƴan makaranta, suka fitar da sakamakon a 2007. Sun tarar kusan mace 1 cikin 3 tana da zubewar gashi ta dalilin ja, kuma cikin ƴan mata ƴan makaranta wajen 17 cikin 100 sun riga sun fara. Sun kuma ga cewa ɓarnar ta fi yawa in an shafa wa gashi man nan mai miƙar da shi sannan aka ja shi da kitso. Gashinsu irin namu ne, mai nannaɗewa. Irin wannan gashi, kowace lanƙwasa da ke jikin silinsa wuri ne da zai iya karyewa, kuma maiƙon da fatar kai take fitarwa ba ya gangarawa har bakinsa da sauƙi. Shi ya sa yake saurin bushewa, balle da hunturu.

Jikinki yakan gaya miki tun ranar kitson. Kan da aka kitse har ba ki iya ɗaga gira, ko kika kwana rub da ciki domin ƙeya ba ta taɓuwa, ko sai da kika aika a sayo miki farasitamol, wannan kai an ja shi fiye da ƙima. Haka nan ƙananan ƙuraje masu farin baki da ke fitowa a bakin kitso bayan kwana biyu ko uku. Mun saba cewa kitso sai ya kwana biyu yake saki. Ba kitson ne yake saki ba, saiwoyin ne suke sakin fata.

Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne dabarar rufe wurin. Mace ta ga gefen kanta ya yi fili, sai ta ce a tattaro ƴan gashin da suka rage a ɗaura musu ƙari don kada a gani. Sili goma da ya kamata a lallaɓa, shi aka ɗora wa nauyin gashin kanti mai kaiwa gadon baya. Wata biyu in an tsefe, sai filin ya ƙaru, sai a sake neman ƙarin da ya fi na da. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Tufka kuwa ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Yadda ake tufka igiyar rama ko ta kaba, haka ake yi: a raba gashi gida biyu, a riƙa ɗora wannan bisa wancan har ƙarshe. Ƴan matan birni suna ce mata tuwis. Kitso gida uku ne, kuma yana bin fatar kai yana ɗibar gashi yana ja a kowane taki. Tufka tana tsaye ita kaɗai, ba ta jingina da ta kusa da ita, kuma gashinmu mai nannaɗewa yana riƙe ta da kansa ba sai an matse gindin ba. Ga sauƙin warwarewa: da yatsa ake yi, ba a bukatar kibiya ko tsinke, waɗanda su ma suna tsinka gashi wajen tsifa.

Kada a ruɗe ki, tufka ba ta sa gashi ya tsiro. Gashi yana ƙaruwa wajen santimita 1 a wata, ko ƙasa da haka kaɗan, ko an tufke ko ba a tufke ba. Aikinta shi ne ta hana abin da ya tsiro karyewa, ta raba shi da mataji na kullum, ta ba saiwa hutu. Wadda ta ce gashinta ba ya tsawo, sau da yawa yana tsirowa daga ƙasa ne yana karyewa daga sama.

Ga yadda za ki yi. Ki wanke kai da sabulu marar kaifi, ko da karkashi kamar yadda iyayenmu suke yi. Yauƙinsa yana sa gashi ya warware ba da faɗa ba. Sabulun wanki na gari, na tufafi ne, kada ya hau kanki. Kada ki jira gashin ya bushe ƙayau. Da ɗan danshinsa za ki raba shi da yatsu, ki fara daga baki ki gangaro zuwa gindi. In za ki sa mataji, mai manyan haƙora. Ki murza ɗan man kaɗe a tafin hannu har ya narke, ki shafa a jikin gashin. Kaɗan ya isa, domin gashi marar kauri in ya sha mai da yawa sai ya kwanta ya manne, ƙura ta taru a kai.

Sai ki ɗebi gashi kamar faɗin kan babban yatsanki. In kin ɗebi ƙasa da haka, sili kaɗan ne za su ɗauki ja, kuma fatar kai za ta fito fili ko'ina. In kin ɗebi da yawa a gajeren gashi, tufkar za ta warware kafin gari ya waye. Wurin da ya fi muhimmanci shi ne gindi. Kada ki murɗe shi. Ki bar ɗan sarari tsakanin fata da inda tufkar ta fara, yadda za ki iya kwantar da ita hagu da dama ba ki ji fata ta motsa ba. In kin kai baki, ki nannaɗe shi a yatsa da ɗan ruwa, zai riƙe kansa. Ban da roba, ban da zare, ban da ƙari ko sili ɗaya.

Ƴan gashin gaban goshi kuwa, waɗanda suka rage kamar geza, ki bar su. Kada ki tura su cikin tufka, kada ki danne su da buroshi. Su ne shaidar cewa akwai sauran rai a wurin. In kuma gashin kan duka bai kai tsawon gaɓar yatsa biyu ba, to bai isa tufka ba tukuna. Wanke shi, shafa mai, ki bar shi ya huta.

Tufka a irin wannan gashi mako ɗaya ce zuwa biyu. In ta wuce haka, gashin da ya zube a ciki yakan cukurkuɗe da mai rai, wajen rabawa a yi asara. Ranar warwarewa kada ki tsorata da abin da za ki gani a hannunki. Kowane mutum mai lafiya yana zubar da sili 50 zuwa 100 a yini. Na kwana 14 in ya taru, ya kai 700 zuwa 1,400, duk a dunƙule ɗaya. Ki cire su da yatsu kafin ki sa ruwa. In za ki sake tufkewa, ki sauya wurin tsaga, kada kullum ta bi layi ɗaya.

Yanzu ga abin da za ki ce mini, kuma kina da gaskiya a wani ɓangare. Kitso mai ƙarfi yana yin wata guda ko fiye, tufka kuwa sai an riƙa sabuntawa, ga gona, ga daka, ga rijiya, ga yara. Haka ne. Amma tufka ke da kanki za ki yi, ko ƴarki ta yi miki da dare kuna hira, ba sai kin kashe yini a gidan makitsiya ba, ba kuma kuɗin ƙari. Za ki ce ba ta fita tsaf kamar shuku ko zane, za a ce ba ki da gyara. Wannan ya fi wuyar amsawa, domin bakin kishiya da na dangin miji ba abin wasa ba ne. Sai dai ki duba: yawancin yini kanki a rufe yake. Wata shida na tufka a ƙarƙashin kallabi, da sanƙon da za ki ɓoye har tsufa, wanne ya fi sauƙin ɗauka? In biki ya zo kina son kitso, a yi miki manya, sako-sako, ba ƙari, ki tsefe bayan mako biyu.

Makitsa kuma ba abokan gaba ba ne. Yawancinsu suna matsewa ne domin mu muke cewa a matse, kuma wadda kitsonta ya saki da wuri ita ake gudu. Ki faɗa mata tun kafin ta fara: "Yaya, gefen kaina yana zubewa, ki sassauta hannu, ki bar mini na gaban." In ya yi zafi, ki yi magana a lokacin, kada ki cije ki bari sai an gama. Yarinya ƙarama kuma da ake danne kanta tsakanin gwiwoyi tana kuka ana ce mata raguwa, kukanta gaskiya ne. Sanƙon da muke gani a kan mace mai shekara 30, sau da yawa tun tana shekara 6 aka fara shi.

Kallabin ma a lura da shi. In kullum a wuri ɗaya yake kama goshi tamau, yana goge gashin wurin. Ki sassauta ɗauri, ki riƙa sauya inda yake zama, da dare ki ɗaura ƙyalle mai santsi. Mai ɗaukar ruwa ko itace, ta yi gammo mai kauri da taushi, kada kuma tufka ta taru a tsakar kai inda kaya ke zama.

Akwai zubewar gashin da ba ruwanta da kitso, kuma tufke ta kawai a zauna, kitso ne da ƙwarƙwata. Mai jego takan ga gashi yana zuba da yawa wata 2 zuwa 4 bayan haihuwa. Wannan yakan tsaya da kansa, gashin ya komo kafin yaro ya shekara, muddin ba a ja shi ba a lokacin da yake da rauni. Kitson suna da na arba'in su ne ya kamata su fi kowane sassauci. Haka yakan faru wata biyu ko uku bayan zazzaɓi mai tsanani. Ƙarancin jini ma yana sa gashi ya siranta. In kina gajiya da wuri, kina haki a kan ɗan aiki, cikin fatar idonki ya yi fari, ko jinin al'ada yana yi miki yawa, ki zo a auna jininki. Ƙwayoyin ƙarin jini da ake bayarwa wajen awon ciki, a shanye su, kada a ajiye a ƙarƙashin katifa. Wake, zogale, hanta, ƙwai da kifi, duk wanda ya samu a ci. Kumburin wuya irin na maƙoƙo tare da zubewar gashi shi ma na asibiti ne.

Yaron da kansa ya yi fili zagaye-zagaye da garin fata kamar toka, makero ne. Yana yaɗuwa ta mataji, da aska, da hula, da matashin kai. Man shafawa kaɗai ba ya kashe shi domin cutar tana cikin silin gashin. Sai an sha magani na mako 6 zuwa 8. Yaron da gashinsa ya koma ja-ja, ya yi laushi yana fita da an taɓa, abinci ne bai ishe shi ba, a kawo shi a auna shi. Babbar mace kuma da tsakar kanta take yin fili tana faɗaɗa, da ƙaiƙayi ko raɗaɗi, kada ta jira, domin irin wannan yana barin tabo.

Kada ki goga tafarnuwa ko barkono a wurin da ya zube, kada ki sa kananzir ko baƙin man inji, kada kuma ki shafa man bilicin. Suna ƙona fata su ƙarasa saiwar da ta rage. Ki gwada tufka wata 3 zuwa 6, kina duba gefen goshi a madubi da hasken rana. In kin ga ƙananan gashi masu laushi suna fitowa, ki ci gaba. In wurin ya yi sumul yana ƙyalli, ko akwai ƙuraje masu ruwa, ko filin yana ƙaruwa duk da kin daina ja, ki zo asibiti. Ki zo da kanki a tsefe don a ga fatar sosai, ki kuma riƙo duk man da kike shafawa a gani.